Gyaran Gaban Akori-Kura Bayan Karo: Lissafin Da Ke Gaban Mai Mota

IKKO — Tun kafin gari ya waye sarai, a lokacin da manyan motocin da suka kwana bisa hanya daga Arewa ke sauke tumatir da albasa da attaruhu a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko kuwa buhunan wake da masara a kasuwar Bodija ta Badun, akwai wani rukunin motoci da ke jere a gefe guda suna jiran nasu rabon aikin. Waɗannan su ne akori-kura, waɗanda ke kwasar kaya daga bakin tirela su rarraba shi zuwa ƙananan kasuwanni da unguwanni da ƙauyuka, inda babbar mota ba ta iya kutsawa. Yawancinsu sun kwana biyu a duniya, wasu ma sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Amma ga ɗan kasuwar da ya mallaki guda ɗaya, wannan tsohuwar mota ita ce mafi girman jarin da yake da shi bayan kayan da ke rumfarsa.

Ɓarnar da ta fi samun irin waɗannan motoci ita ce ta gaba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Motar da aka labta wa kaya fiye da ƙima tana bukatar doguwar tazara kafin ta tsaya, ga birki ya gaji, ga tayoyi sun suɗe, ga kuma cunkoson hanya inda na gaba kan taka birki ba zato ba tsammani. Da zarar an yi karo, in Allah ya kiyaye rayuka, sai mai mota ya tarar da kansa gaban wani lissafi mai wuya: ko ya gyara, ko ya sayar da ita a yadda take, in gyaran ne, da waɗanne kaya, a hannun wa, kuma cikin kwana nawa.

Da farko dai ya kamata a san cewa ba duk akori-kura ne ƙirarsu ɗaya ba, kuma wannan bambanci shi ne tushen duk wani ƙiyasin kuɗi. Motocin Jafan irin su Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, suna da shasi mai zaman kansa, wato wasu dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da 'yan gajeru a tsakani kamar tsani, sa'an nan aka ɗora inji da gidan direba da akwatin kaya a bisansa aka ɗaure da noti. Ita kuwa Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, asalinta ƙaramar motar shiga ce da aka ƙera jikinta dunƙule guda, shi ya sa ma kamfanin ya daɗe kafin ya fitar da samfurinta na ɗaukar kaya wajen 1980. A gaban irin wannan mota, ƙarafan da ke riƙe da inji da ƙafafu wani sashe ne na jikin motar kansa, a manne suke da walda. Saboda haka a motar Jafan ana iya kwance bodi a ajiye gefe a fuskanci shasi shi kaɗai, alhali kuwa a Fijo duk jan da aka yi wa ƙarfen gaba yana taɓa mazaunin ƙofa da na gilashi.

Ba abin mamaki ba ne a ce har yanzu ana cin karo da Fijo a kasuwannin ƙasar nan. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, ya kuma fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, inda ya ci gaba da fitar da 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yinta a Faransa. Wannan ya sa kanikawan da suka san cikinta da bayanta suka yawaita, kayan gyaranta kuma suka bazu ko'ina. Sai dai shekaru sun ja, sababbin kayanta na asali sun yi ƙaranci, abin da ya rage galibi shi ne na gwanjo da kuma na kwaikwayo.

Abu na farko da kan jawo wa mai mota babbar asara yakan faru ne a wurin haɗarin, kafin ma a kai ga gareji. A gaban mota, bayan bamba da raga, lagireto ne ke tsaye, fanka kuma tana bayansa da ɗan taƙi kaɗan. Ko ƙaramin bugu ne yakan tura lagireto baya ya haɗu da fanka, ruwa ya tsiyaye. Direban da ya ga inji bai mutu ba, kuma yana gudun kuɗin janwe ko ɓacin ran maigida, sai ya ja motar a haka. Injinan fetur na Fijo 504 da na wasu tsofaffin Hilux kawunansu na alminiyam ne, kuma alminiyam ba ya jure zafin da ya wuce ƙa'ida. Tafiyar 'yan mintoci ba ruwa ta isa ta ƙona gasket ko ta lanƙwasa kan injin. Ta haka ne aikin da ya kamata ya tsaya ga mai gyaran bodi yake komawa aikin sauke inji, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Lalle kuɗin janwe, komai tsadarsa, shi ne mafi araha a cikin duk kuɗaɗen da za a kashe a wannan sha'ani.

Idan an isa gareji, idon mai mota yakan tafi ne ga abin da ke fili: murfin inji da ya tattare, fitilu da suka farfashe, bamba da ta karye, da ƙarfen gefe na saman taya da ya loɓa. Waɗannan kuwa su ne mafi sauƙin al'amari, domin kusan dukkansu da noti aka ɗaure su, ana kwancewa a sa wasu. Ainihin ɓarnar tana ciki, a shasi da ƙafafu da sitiyari, kuma ba a ganinta sai an kwance na waje an gwada da awo. Saboda haka duk ƙiyasin kuɗin da aka bayar kafin a kwance gaban mota, ba ƙiyasi ba ne, tayi ne kawai na a samu motar ta kwana a garejin. Masu motar da suka goge sukan biya ladan kwancewa da dubawa daban, sa'an nan a zauna ciniki bayan kowa ya ga abin da ke akwai.

Shasi kan lalace ta fuskoki da dama. Yana iya karkata gefe guda idan bugun ya zo ta kusurwa, yana iya duƙawa ƙasa, yana iya tattarewa ya gajarce, ɗaya daga cikin dogayen ƙarafan nan biyu yana iya zamewa baya ya bar ɗan'uwansa a gaba, kana yana iya murɗewa gaba ɗaya. Hanyar ganewa ba ta bukatar na'ura mai tsada. Ana ajiye motar a shimfiɗaɗɗen daɓe, a zaɓi ramukan da kamfani ya huda a shasin hagu da dama waɗanda ke daura da juna, a auna da tef daga ramin gaba na hagu zuwa na baya na dama, sa'an nan a auna kishiyarsa. In shasi na nan daidai, awon biyu za su zo ɗaya. A wannan sana'a, a ƙasashen da ake aiki da littafin kamfani, bambancin da aka saba yarda da shi bai wuce milimita 3 ba. Haka kuma ana auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya a kowane gefe, da tsayin kowace kusurwa daga ƙasa. Aiki ne na rabin sa'a, amma abin takaici shi ne gareji da yawa ba a yinsa, ido kawai ake sawa, kuma ido ba ya ganin milimita 10 a ƙarfe mai tsawon mita huɗu ko biyar.

Ga mai mota, wannan awo shi ne kariyarsa. Ya dace ya tsaya a yi shi a gabansa kafin a fara aiki, a rubuta lambobin a takarda, a kuma sake yi bayan an gama. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin haka ba.

A manyan garejoji na Ikko da Abuja da Fatakwal akwai teburin ƙarfe na musamman da ake ɗaure mota a kai, a ja ta da na'ura mai aiki da ƙarfin mai. A garejin bakin hanya kuwa, abin da ake da shi shi ne sarƙa da jak da guduma, da kuma wani kututturen itace ko turken ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Bai kamata a rena wannan ba, domin akwai masu gyaran bodi, waɗanda ake kira fanel-bita, da ke fitar da aiki mai kyau da waɗannan kaya, muddin sun kiyaye ƙa'ida. Ƙa'idar ita ce a ja ƙarfe ta fuskar da ke kishiyar inda bugun ya shigo, a hankali, ana yi ana aunawa, a kuma fara daidaita shasi kafin a taɓa fatar waje. Wanda ya fara da fatar waje zai samu kansa yana faɗaɗa ramukan noti don murfin inji ya zauna, kuma wannan alama ce da ba ta ƙarya cewa an ɓoye karkata a ciki.

Inda aka fi samun matsala shi ne wajen wuta. Kusan kowane fanel-bita yana da tukunyar kabayid, kuma dumama ƙarfe har ya yi ja yana sa jan ya yi sauƙi, aikin kwana biyu ya koma na wuni guda. Ƙarfen tsofaffin motoci na shekarun 1970 da 1980 yana da ɗan haƙuri da zafi, amma na motocin baya-bayan nan an yi masa haɗi na musamman don ya yi ƙarfi ba tare da nauyi ba, kuma wuta tana kashe wannan ƙarfin. Shasin da aka gasa zai miƙe, zai sha fenti ya yi kyau, sa'an nan bayan wata shida na ɗaukar lodi a hanya mai ramuka ya tsage daidai wurin da aka gasa. Masana wannan aiki suna da magana guda da suka yi ittifaƙi a kanta: ƙarfen da ya lanƙwasa ana miƙe shi, wanda ya karye ya yi kaifin ninki kuwa sai a yanke a sauya. Idan za a yi ƙari a shasi, ba a yin walda a miƙe tsaye a bari haka nan. Akan ƙara wani farantin ƙarfe a lulluɓe mahaɗar don nauyi ya rarrabu. Ba a kuma yin mahaɗa a daidai inda ƙafa ko akwatin sitiyari ke ɗaure.

Batun sitiyari da ƙafafu shi ne wanda ba ya karɓar rangwame. Sandunan da ke haɗa sitiyari da tayoyi, da hannayen da ke riƙe da ƙafa, da ƙarfen da taya ke juyawa a kai, idan sun lanƙwashe sauya su ake yi. Al'adar nan ta sa musu wuta a buga su miƙe tana rage kuɗi a ranar, amma ƙarfen da aka yi wa haka yana iya ɓallewa ana cikin gudu, kuma motar da ke ɗauke da tan guda na kaya, galibi da yaran mota zaune a bisa, ba ta da wata dabara idan sitiyari ya saki. Haka nan a duba bututun birki, da robobin da inji ke zaune a kai, da shokazoba, da boris na tayoyin gaba, da famfon ruwa, da mazaunin batir, da wayoyin da suka bi ta bayan fitilu. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu da ake mantawa, wato maƙullin murfin inji. Yana da kama biyu, na farko da na tsaro, kuma idan ba su zauna daidai ba, iska na iya ɗage murfin ya rufe gilashi a tsakiyar babbar hanya. Sau da yawa akan ga akori-kura an ɗaure murfinta da igiyar roba, wannan ita ce shaidar gyaran da ba a kammala ba.

Daga nan sai batun kayan gyara, wanda shi ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin. Mai mota yana da zaɓi uku. Akwai sabon kaya na kamfani, wanda ga tsohuwar mota samunsa da wuya, in an samu kuma farashinsa na tashin hankali ne. Akwai sabon kaya na kwaikwayo daga Taiwan ko Sin ko wasu ƙasashen Asiya, wanda ingancinsa hawa-hawa ne, daga mai kyau ƙwarai har zuwa jabu. Sa'an nan akwai na gwanjo da aka cire daga motocin da aka yanka a ƙasashen waje, wanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. Cibiyoyin wannan ciniki sanannu ne: Ladipo a Mushin da Owode Onirin a Ikko, kasuwar Gate a Badun, Mgbuka Obosi kusa da Anacha, Nkwo a Nnewi, Ikoku a Fatakwal, Uwelu a Binin, Apo a Abuja, sai Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano.

Hikimar ita ce a san inda kowane iri ya dace. Bamba da raga da murfin inji da ƙarfen gefe, na gwanjo na asali ya fi na kwaikwayo, domin kaurin ƙarfensa da ramukansa na kamfani ne, yana zama ba tare da an tilasta shi ba, abin da ke rage ladan aiki. Lagireto na gwanjo kuwa sai an gwada shi da matsin iska cikin ruwa kafin a biya, kuma tsohon lagireto na jan ƙarfe da tagulla, irin na Fijo da tsofaffin motocin Jafan, yana da wata fa'ida da na zamani mai kan roba ba shi da ita, wato ana iya liƙe shi da dalma ko a sauya masa ciki. Amma kayan sitiyari da na birki, da tiyo da bel, a nan sabo mai suna shi ne daidai, saboda babu mai iya sanin wahalar da na gwanjo ya sha kafin ya iso.

Akwai wani tarko game da fitilu da mutane ƙalilan ne suka lura da shi. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Jafan da Ingila da Tailan kuwa ta hagu suke bi, kuma fitilun motocinsu an ƙera su ne haskensu ya ɗaga ta ɓangaren hagu, inda gefen hanyarsu yake. Idan aka ɗaura irin wannan fitila a nan, hasken zai riƙa dukan idon direban da ke tahowa, gefen hanyar da mai mota ke bukatar gani kuma ya zauna cikin duhu. Fitilar za ta zauna daram a mazauninta, ba wanda zai ga aibinta da rana. Mai saye ya tambayi ƙasar da ta fito, ko kuma a kunna ta a jikin bango a ga ta inda hasken ya ɗaga.

Wasu kan ga cewa mafita ita ce sayen rabin mota, wato gaban wata mota da aka yanko dungurungum da inji da ƙafafu, ko kuma a sayi shasi guda a sauya. Ta fuskar aiki wannan yakan fi sauri, wani lokaci ma ya fi araha a kan sayen kaya ɗai-ɗai. Sai dai lambar shasi da ta inji suna rubuce a takardun mota, kuma ranar da jami'an duba lafiyar motoci ko 'yan sanda ko kwastan suka tarar da lambar da ke jikin ƙarfe ta saɓa da ta takarda, bayanin zai yi wuya. Wajibi ne a karɓi rasit mai ɗauke da lambobin, a kuma je ofishin lasin a gyara takardu kafin motar ta koma hanya.

Farashin dukkan waɗannan kaya yana bin dala ne sau da ƙafa, kuma a nan ne tarihin Naira ya shigo. Kafin a buɗe kasuwar canji ta biyu a watan Satumba na 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, Naira ɗaya tana kusan daidai da dala ɗaya. A tsakiyar shekarun 1990 farashin gwamnati ya tsaya wajen Naira 22, na bayan fage kuma ya ninka haka sau uku zuwa huɗu, kuma a wannan zamani ne sabuwar mota ta gagari yawancin 'yan kasuwa, cinikin tokumbo ya kafu. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira, wadda a lokacin take wajen 460 a kan dala a farashin gwamnati, kuma zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki kuma ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekara.

Ma'anar wannan ga mai akori-kura fuska biyu ce. Kayan gyara sun yi tsada, amma motar da zai saya a madadin tasa ta fi tsada nesa ba kusa ba, rancen banki kuma ba abin kusanta ba ne. A Turai da Amurka, kamfanonin inshora kan yanke hukuncin cewa mota ta tashi daga aiki idan kuɗin gyaranta ya kusanci kashi biyu bisa uku ko uku bisa huɗu na darajarta, domin a can ladan ma'aikaci ne ke da tsada. A nan kuwa lamarin a juye yake: ladan hannu yana da sauƙi, jari ne ke da wuya. Shi ya sa motar da za a jefar a can take dawowa hanya a nan, kuma a mafi yawan lokuta wannan hukunci daidai ne ta fuskar lissafi. Inda ya daina zama daidai shi ne idan tsatsa ta riga ta cinye shasin, kamar yadda kan faru ga motocin da suka daɗe a garuruwan bakin teku ko suna dakon gishiri da taki da ɗanyen kifi. Walda ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe. Haka kuma kuɗin da aka riga aka kashe wa motar a bara ba hujja ba ne na a ƙara zuba wani. Abin dubawa kawai shi ne nawa za a kashe daga yau, kuma me motar za ta kawo daga yau.

Wani kuɗi da ba ya fitowa a takardar ƙiyasi shi ne na kwanakin da motar za ta yi a ajiye. A ƙaddara, a matsayin misali kawai, cewa akori-kura tana bar wa mai ita Naira 25,000 a rana bayan an cire mai da sallamar direba, tana kuma aiki kwana shida a mako. Garejin da zai gama cikin mako biyu ya jawo asarar kwana 12, wato Naira 300,000. Wanda zai ja aikin zuwa mako biyar ya jawo ta kwana 30, wato Naira 750,000. Bambancin Naira 450,000 ne, kuma ko da na farkon ya fi na biyun tsadar aiki da Naira 200,000, shi ne mai arahar. Ga mai dakon kayan gwari ma abin ya fi haka, domin abokin cinikin da ya koma wa wata mota a tsakiyar kaka ba lalle ne ya dawo ba. Abin da ke jawo jinkirin kuwa sananne ne: an ba da kuɗin kaya gaba ɗaya tun farko, an yi wata hidimar da su, sai a jira wani mai motar ya kawo nasa. Maganinsa shi ne mai mota ya je kasuwa tare da bakanike ya biya kuɗin kaya da hannunsa, ya karɓi tsofaffin da aka cire, ladan aiki kuma a raba shi kashi-kashi: bayan an daidaita shasi an auna, bayan an ɗaura kaya, sai cikon bayan fenti da gwaji. A rubuta wannan a takarda gaban shaida, in da hali shugaban ƙungiyar kanikawan wurin.

To, ina inshora a cikin wannan duka? Doka ta wajabta inshorar kare haƙƙin wani tun daga dokar 1945, kuma Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, ta ƙara kuɗinta daga ranar 1 ga Janairu, 2023. A wannan tsari, motar shiga ta koma Naira 15,000 daga 5,000, da diyyar dukiya har Naira miliyan 3, motar da ke ɗaukar kayan mai ita kuma Naira 20,000 da diyya har miliyan 5. Rundunar 'yan sanda ta fara tsananta binciken wannan takarda daga 1 ga Fabrairu, 2025. Amma da yawa daga masu mota ba su fahimci cewa wannan inshora ba ta gyara motarsu ba. Ta wanda suka buga take gyarawa. Kuma a karon da aka daki mota ta baya, galibi na bayan ake ɗora wa laifi, wato mai akori-kurar da gabanta ya lalace. Duk da haka takardar tana da amfani babba, domin ita za ta ɗauke masa nauyin gyaran motar da ya buga, wanda zai iya fin darajar tasa motar, da sharaɗin cewa takardar ta gaskiya ce. Takardun bogi da ake saya a bakin ofisoshin lasin sun yi yawa, kuma ana iya tantancewa ta rumbun bayanai na intanet da Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya ta tanada, ta hanyar sa lambar mota.

Cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motar mai ita, a wancan tsari na 2023 ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota a shekara, wato Naira 300,000 ga motar Naira miliyan 6. Kamfanoni da dama ba sa ɗokin ba da ita ga motar da ta tsufa ƙwarai, in sun bayar kuma sukan cire wani kaso saboda tsufan kayan da aka sauya. Saboda haka mafi yawan masu akori-kura su ne inshorar kansu, ko sun sani ko ba su sani ba, kuma mai hankali daga cikinsu yakan ware wani abu daga cinikin kowace rana, ko ta adashi ko ta asusu na daban, domin irin wannan rana.

Fenti shi ne na ƙarshe, kuma shi ne ya fi ruɗin mai saye. Ƙullin cike loɓa da ake kira bodi-fila an yi shi ne don share 'yan ƙananan tabo, kaurinsa bai kamata ya wuce 'yan milimita ba. Wanda ya ƙi wahalar buga ƙarfe ya fito, sai ya cika ramin da shi, ya goge, ya fesa fenti. Zafin rana da girgizar hanya kuma su tsattsaga shi kafin shekara ta zagayo, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, George Akerlof, wanda ya samu lambar Nobel a 2001, ya nuna tun a 1970 cewa idan mai sayar da tsohuwar mota ya san aibinta mai saye bai sani ba, farashin kowace tsohuwar mota ne ke faɗuwa, har da mai lafiya. Abin da ke faruwa ke nan a kasuwar akori-kura: dillalai na yawo da maganaɗisu suna mannawa a jikin mota don gano inda aka cusa fila, kuma da an ji kalmar haɗari sai tayi ya faɗi, ko da gyaran na kirki ne. Mai motar da ya adana hotunan ɓarnar, da takardar awon shasi, da rasit na kayan da ya saya, yana da abin da zai nuna ranar sayarwa.

Kafin a biya cikon kuɗi, akwai gwajin da ya rage. A kai motar wurin daidaita ƙafafu a ga ko ta karɓi saiti. In mai saitin ya kasa kawo ta daidai, to karkatar tana nan a shasi ko a ƙafa. A tuƙa ta a miƙaƙƙiyar hanya a sassauta riƙon sitiyari a ga ko tana ja gefe guda, a taka birki da ƙarfi ba kaya, sa'an nan a sake da kaya. Wani ya bi ta a baya ya duba ko tayoyin baya suna bin sawun na gaba, ko kuwa tana tafiya a karkace kamar ƙaguwa. A bar inji yana aiki a tsaye na rabin sa'a ana duban allurar zafi da ƙarƙashin lagireto. Bayan mako biyu na aiki a sake ɗaure notocin ƙafa da na bodi, a kuma shafa tayoyin gaba da hannu: in gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, motar ta koma gareji tun fentin bai dushe ba.